Yaya zai cika mini kuɗin motar gida, ni kuma motar dirif nake so

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, a Aboabo nake a nan Kumasi, ina gyaran waya a Adum. Abin da ya shiga raina shi ne dirif, wasan nan da direba ke sa bayan mota ya zame a kwana yana riƙe da ita. Bara na karɓi lasin. Na yi adashi na tara kuɗi, amma ba su kai rabin kuɗin mota ba. Yayana da ke Jamus ya ce zai cika mini, da sharaɗin in sayi ƙaramar mota kamar Vitz ko Corolla, in riƙa kai Mma asibiti saboda hawan jininta, da yamma kuma in yi Bolt, wato hayar tasi ta manhajar waya. To sai wani abokina ya nuna mini BMW E46, 318i, otomatik, mai ita yana neman kuɗi da gaggawa. Abokin ya ce in gaya wa Yaya motar gida ce, ai ƙofa huɗu gare ta. Mma ta ji muna zancen, tun ranar ba ta sake mini fuska ba, ta ce ba ta haife ni don ta je ta ɗauko ni a asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee ba. Kawu, wace mota ce ta dace da mai koyo, kuma yaya zan yi da Yaya?

Wani matashi, Aboabo

Wa alaikumus salam ɗana. Ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya kafin kuɗi su bar hannunka, don da yawa sai mota ta kwana uku a garejin fita, wato makanike, sannan suke neman shawara. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba zan ce da kai son dirif shirme ba ne. Wasa ne mai ƙa'ida da alƙalai. A hanyoyin kan duwatsun Japan ya taso, kuma mutumin da ya fi kowa fito da shi, Keiichi Tsuchiya, da wata ƙaramar Toyota mai lamba AE86 ya yi suna, ƙirar 1983 zuwa 1987, wadda ƙarfin injinta bai wuce ƙarfin doki 130 ba. A Amurka tun 2004 ake gasar Formula Drift. Saboda haka burinka yana da gida. Matsalar ita ce motoci biyu ne a cikin wasiƙarka, kai kuma kana so ka cusa su cikin guda ɗaya, alhali taura biyu ba ta taunuwa.

Bari in fara da abin da ka fi ƙagara ka ji. Motar dirif dole ƙafafun baya ne ke tura ta. Na gaba aikinsu juyawa kawai. Idan ka ba ta wuta har tayoyin baya suka fi ƙarfin riƙon kwalta, sai bayan ya fara zamewa gefe, kai kuma ka juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, kana auna zamiyar da totur. Vitz, Corolla ta yanzu, Elantra, Picanto, Civic, duk waɗannan da suka cika titin Kejetia ƙafafun gaba ne ke jan su. In ka ja birkin hannu bayansu zai wulla na ɗan lokaci, amma da ka taka totur sai gaba ya ja motar ta miƙe, wasa ya ƙare. To ka ga motar da Yaya yake nufi ba za ta taɓa yi maka dirif ba, ko wane irin salansa ka ɗaura mata.

BMW ɗin abokinka kuwa baya ne ke tura ta, wannan gaskiya ne, amma ba ita ba ce. Otomatik ce, babu kuloci. Mai koyo da mota mai matsakaicin ƙarfi da kuloci yake tayar da zamiya: yana kan totur, ya taka kuloci ya saki da sauri, injin ya fizgi ƙafafun baya su kufce. Da kuloci kuma yake raba injin da ƙafafu duk lokacin da zai ja birkin hannu. Otomatik za ta canja maka giya a tsakiyar kwana ba tare da ta shawarce ka ba. Sannan 318i silinda huɗu ce, ta farkon ƙirar doki 118, ta baya 143, a jikin motar da ba ta da sauƙin nauyi. Za a ce maka ai a Magazin, unguwar makanikai da ke Suame, ana mayar da otomatik ta koma giyar hannu. Ana yi, babu abin da masu sana'ar Suame ba sa taɓawa. Sai dai ka lissafa akwatin giya, kuloci, feda, farfela, wayoyi da kwamfutar motar, za ka tarar ka biya kuɗin wadda ta zo da giyar hannu tun daga kamfani, ka kuma sami wadda aka yi wa tiyata. Shi kuma mai motar da ke neman kuɗi da gaggawa, wataƙila gaskiya ce buƙata ta taso masa, amma gaggawarsa ba taka ba ce.

In da za ni Magazin da kai gobe, abin da zan sa a nemo mana shi ne BMW E36 ko E46 mai silinda shida da giyar hannu: 325i ko 328i, masu doki wajen 190. Wannan ƙarfin ya ishi mai koyo har ya yi saura. 330i tana da doki 231, tana da daɗi, amma ta fi tsada kuma ta fi cin taya. Dalilin da ya sa na zaɓi waɗannan bai wuce kayan gyara ba. An ƙera su da yawa, tsofaffinsu sun shigo Gana da yawa, kuma abin da ka karya da safe kana iya samun na hannu a Suame kafin la'asar, in ya gagara a aiko maka daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra. Ka kula da harafin da ke bayan lambar: in ka ga 325xi ko 330xi, duk ƙafafu huɗu ne ke ja, ka wuce ta. Nissan 350Z da 'yar'uwarta Infiniti G35 masu injin lita 3.5 motocin dirif ne na gaske, amma kuɗinsu da na kayansu ba na mai gyaran waya da ya fara tari ba ne. Tsohuwar Benz 190 tana da ƙarfin jiki kuma birkin hannunta na ja ne, amma C-Class da suka biyo bayanta da ƙafa ake taka birkin ajiyarsu, ba zai yi maka amfani a kwana ba. Fikof irin su Hilux da Hardbody baya ne ke tura su, amma sun yi tsayi, mota mai tsayi kuwa in ta zame ta ci tuntuɓe kifewa take yi. Waɗannan motocin Japan da kake gani a bidiyo, irin su Silvia da Chaser, yawancinsu sitiyarinsu a dama yake. Gana ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1974, ba a kuma yarda da shigo da mota mai sitiyari a dama ba, sai an juya shi. Juyayyen sitiyari a motar da za ka riƙa murɗawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe cikin daƙiƙa ɗaya, ni dai ba zan sa ɗana a ciki ba.

Wataƙila zuciyarka ta raya maka cewa tunda Yaya a ƙasar BMW yake, ya auno maka ɗaya. Motar da ta haura shekara goma kwastan na ɗora mata tara ban da kuɗin fito, ga kuɗin jirgi zuwa Tema, ga na fitarwa. E46 ta ƙarshe a 2006 aka ƙera ta. Wadda ta riga ta shigo ta gaji da titin Kumasi ita ce daidai da kai, domin motar koyo mota ce da ka riga ka yafe ta. Za ka bugi abu da ita. Kowa yana bugawa.

Duk ranar da za ka duba irin wannan mota, kada ka je da abokinka shi kaɗai. Ka ɗauki fitan da ya san BMW, wanda ba shi da kamasho a cinikin, ku je da sassafe injin yana sanyi, don mai sayarwa kan ɗumama ta kafin ku iso ya ɓoye hayaƙi da ƙara. A hau da ita kan rami, ka sauka da kanka da fitilar wayarka. A E46 ka haska inda ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya ya kama jikin motar, ƙarƙashin but. Wurin yana tsagewa, sanannen ciwonta ne, kuma dirif ƙara buɗa tsagar yake yi. In ka ga layin tsaga ko sabuwar walda da aka shafe da baƙin fenti, ka tambayi dalili. A E36 ka duba mazaunin shokazoban baya da tsatsar ƙasa. Daga nan ka dawo gaba wajen ruwa. Tankin ruwan da wuyan lagireton na roba ne, in sun tsufa fashewa suke yi, famfon ruwan ma haka. Dirif kuwa injin yana ihu ne motar tana tafiya a karkace, iska ba ta shiga lagireto sosai, ga zafin watan Maris. Injin silinda shida na BMW in ya tafasa sau ɗaya da kyau, kan injin na iya lanƙwashewa. Buɗe murfin mai, in ka ga kumfa mai kalar koko da madara, ku yi sallama da mai mota. Fenti da kujeru da rediyo kada su ɗauke maka hankali, mummunar mota mai lafiyayyen shasi ta fi maka. Sai takardu: lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce, shaidar an biya kwastan, a kuma je DVLA, ofishin rajistar motoci, a mayar da ita sunanka.

Akwai abu guda da nake so ka fahimta sosai, don shi ne ya raba motocin nan biyu har abada. Tsakanin ƙafafun baya akwai wani akwatin haƙora da ke raba musu ƙarfi, ya bar ta waje ta fi ta ciki gudu a kwana. A yawancin motoci, da ƙafa ɗaya ta rasa riƙo sai ƙarfin ya tafi gare ta, ta yi ta juyawa tana hayaƙi ɗayar tana kallo, motar ba ta zame ba. Masu kuɗi suna sayen wanda ke kulle kansa, LSD. Marasa kuɗi suna kai wa mai walda ya haɗe haƙoran, ƙafafun biyu su riƙa juyawa tare. Da wannan dirif yake zuwa da sauƙi. Amma motar da aka yi wa haka, ko kwanar shiga gida za ka yi a hankali sai ka ji tayar baya tana tsalle tana kuka, ranar da aka yi ruwa kuwa bayanta na iya kufcewa a shataletalen Suame ba ka nema ba. Ka sa Mma a bayan wannan motar da safiyar damina, tana riƙe da katin asibitinta. Ka sa fasinjan Bolt. In kuma ka ce ba za ka yi waldar ba, to ranar Lahadi ka karya tayirod, ƙarfen da ke juya ƙafar gaba, a fili, ranar Litinin Mma tana da ganin likita, motar tana kan jak.

Kuɗi ma haka. Abin da mota ta ci ranar saye shi ne ƙarami. In kana da sidi ɗari, kada motar ta wuce hamsin. Sauran na canja kayan ruwa ne gaba ɗaya, da bushin, da man birki, da hular kwano, da tukunyar kashe gobara, da taya. Taya, ɗana, ita ce abincin wannan wasa. A busasshiyar kwalta tayoyin baya biyu na iya ƙarewa a yini guda har waya ta fito. Shi ya sa masu wayo suke tsayawa a rim 15 ko 16, waɗanda na hannunsu ke da araha wajen masu faci, su bar 18 ga masu ɗaukar hoto. Na baya ka sa hom-yus, wato na hannu, ba laifi, amma na gaba su zama masu kyau, su ne ke riƙe da ranka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ka koyi karanta su.

Yanzu maganar Mma. Kada ka ɗauki fushinta a matsayin rashin wayewa. A zango take, ta ga abin da samari ke yi da babura da motoci ranar Sallah, ta kuma je gaisuwar da ta biyo baya. Da ta ji kalmar wasa da mota, abin da ya zo idonta ke nan. Kuma in a kan titi kake nufin koya, to ita ce mai gaskiya, ni ma ina bayanta. Ka dubi layinku da magariba: mai koko a bakin kwata, yara sun taso daga makaranta da allunansu, pragya, keke mai ƙafa uku, ta ɓullo daga lungu ba fitila. Mai koyo ba ya sanin inda bayan motarsa zai tsaya, shi ya sa ake kiransa mai koyo. Dokar hanya ta 2004, Act 683, ta sa tuƙin ganganci cikin laifuffukan da ke kai mutum kurkuku, 'yan sandan hanya na MTTD kuma ba za su tambaye ka ko ƙarfe biyun dare ne titi ba kowa ba. Inshorar da aka saba yi ba ta ɗaukar ɓarnar tsere ko wasa, karanta takardarka ka gani. Ran mutum kuwa babu inshorar da ke mayar da shi.

Saboda haka fili kafin mota. In ba ka da wurin da za ka koya, ba ka da dalilin saye tukuna. Ka nemi fili mai faɗi, mai shinge ko nesa da gidaje, babu kwata babu turakun lantarki, wanda mai shi ya ba ka izini a rubuce, ka kuma sanar da ofishin 'yan sandan yankin. Shimfiɗaɗɗiyar jar ƙasa tana da amfani ga mai farawa, mota tana zamewa a ƙaramin gudu taya kuma ba ta ci, amma ka taka filin da ƙafa tukuna, don rami ɗaya in ya kama ƙafar motar da ke tafiya a gefe zai iya kifar da ita. Kwalta ko siminti da aka jiƙa ya fi. Ka ajiye tsohuwar taya ɗaya a tsakiya, ka kashe maɓallin da ke hana zamiya, giya ta ɗaya, ka yi ta zagaya ta har ka iya riƙe da'irar ba ka juye ba, dama da hagu. Sannan taya biyu, ka yi lamba takwas. Wannan kaɗai zai ci maka watanni. Idonka a inda kake son zuwa, bel a ɗaure, hula a kai, mutum ɗaya a gefe da waya da mota, masu kallo can nesa. Bara ka karɓi lasin, ban ma sani ba ko ƙafarka ta saba da kuloci. In ba ta saba ba, nan ne farkon karatun.

Sai Yaya. Abokinka ya ba ka muguwar shawara, ko da da kyakkyawar niyya ya ba ka. Kuɗin nan ba kyautar Sallah ba ce, amana ce da sharaɗi a kai. Mutumin da ke tashi cikin sanyin Jamus ya tafi aiki, abin da ke ransa shi ne mahaifiyarsa ta daina tsayuwa a bakin titi tana jiran trotro, motar haya, da jiri a kanta, ƙaninsa kuma ya sami abin yi na biyu. Bai iya zuwa ya kai ta da kansa ba, shi ya sa yake sayen hannunka. Kuma a Aboabo kake, ɗana. Kafin ka gama zagaye na biyu wani ya ɗauka ya sa a TikTok, kafin ka iso gida ya isa wayar Yaya. Abin da za ka rasa ranar ya fi BMW tsada, domin gobe in ka ce masa kana son jari ka buɗe shagonka, zai tuna.

Ga yadda nake ganin za ka fita. Ka karɓi tayin Yaya yadda ya yi shi, ka sayi Corolla ko Vitz mai lafiya, in da hali mai giyar hannu don ƙafarka ta goge. Ka kai Mma asibiti, ka yi Bolt ɗinka, ka ware wani kaso na abin da ke shigowa da sunan motar wasa, Yaya ya san da shi. Motar gida ita za ta haifi motar wasa. In haƙurin shekara ɗaya ko biyu ya yi maka tsawo, ku haɗu ku uku ko huɗu masu wannan ra'ayi, har da yaron fita guda in za ku samu, ku sayi tsohuwar E36 tare, ta zauna a gareji ba ta hawa titi sai ranar fili. Amma ku rubuta a gaban shaida tun ranar farko: wanda ya karya shi zai gyara, kowa da tayarsa da mansa, wanda zai fita ga yadda za a biya shi. Tarayya a mota ta raba abokai da yawa. Kafin nan, ranakun Asabar ka riƙa zuwa wajen masta mai gyaran BMW kana miƙa sifana. Hannun da ke kwance waya ba zai sha wuyar gane injin ba, kuma mai dirif da bai iya gyara da kansa ba aljihunsa ba ya daɗewa. In ka sami inda ake da sitiyarin kwamfuta da wasan Assetto Corsa, yana koya wa hannu saurin juyawa ba tare da an ci taya ba.

In kuwa ka ce kai sam motar wasa kake so yanzu, hakkinka ne, amma da kuɗinka kai kaɗai, ka kuma gaya wa Yaya ya riƙe nasa ko ya ba wani ɗan'uwa da zai ɗauki nauyin kai Mma.

Ko wanne ka zaɓa, kira shi a wannan makon, kiran murya, kada ka tura saƙo. Ka ce, "Yaya, akwai abin da ban gaya maka ba. Ina son wasan dirif, har na kusa sayen motar da ba ita ka ce ba. Na fasa. Zan sayi ta gida, amma ina so ka san ina tara kuɗin ta wasa a gefe." Zai iya yin faɗa, ka bar shi ya gama. Mma kuma kada ka nuna mata bidiyo, hayaƙin zai ƙara tayar mata da hankali. Ka zauna kusa da ita bayan isha'i ka yi mata alkawari guda wanda za ka iya riƙewa: ba a kan titi ba, ba ranar Sallah ba, ba a motar da take shiga ba. Mai 318i ɗin kuma ka gaya masa yau cewa ka janye, ya nemi wani mai saye tun da sauran lokaci. Idan kun sami E36 ɗin, ka turo mini abin da fita ya gani a ƙarƙashinta kafin ku biya.